Ranar Da Na Yi Wa Bola Sallama

Ni da furfurata, da rana tsaka, a gaban mutanen Ikko, na taɓa cire takalmi na rusuna na yi wa bola sallama. Ban haukace ba, ban kuma sha komai ba. Abin da ya fi wannan ma, an amsa mini. Duk wanda ya ji ya ce tsohon nan wawa ne, ba zan ja da shi ba, ai na riga shi faɗa. Ya dai bari in gaya masa inda wautar ta samo asali, don ita ma tana da uwa da uba.

Ina saurayi na zo Ikko. Na yi dako a kasuwar Mile 12 har wuyana ya gajarta, daga baya na koma sayar da albasa, har ranar da 'ya'yana suka ce in zauna in huta. Karatuna bai taka kara ya karya ba: allo kaɗan, sai ajin yaƙi da jahilci inda na koyi boko daidai wanda zan rubuta wannan da shi. Wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri, haka mai ita yake.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a Agege ya tashi da buɗe wani abu. Wannan ya buɗe ofishin jam'iyya, wancan ya buɗe shagon buga fasta, ita kuma wata mata ta buɗe makarantar ƙananan yara a wani gida mai ɗan tsakar gida a bayan layin dogo. Ɗana da nake zaune a gidansa ya sa 'yarsa a ciki, aikin kai ta da ɗauko ta kuwa ya faɗo kaina, wai tunda Baba ba ya komai. Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba. A Agege aka haife ta, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinta. Ina kiranta amarya, tana kirana Kaka, in na ɓata mata rai kuma ta ce tsoho.

Malamar ajinsu 'yar Filato ce, Kirista, Hausarta irin ta Jos, yara suna kiranta Anti. Mace ce mai ɗauko abin da ba a zata ba. Yau ta sa su shuka wake a gwangwani, gobe ta sa su bi layin tururuwa har rami. Wani mako kuma sai ta ɗauko maganar duwatsu.

A nan matsalar take. Yawancin yaran nan ba su taɓa ganin dutse ba. Ikko shimfiɗe take kamar tabarma, abin da ya fi tsawo a duniyarsu shi ne hasumiyar masallaci da tankin ruwan maƙwabta. In ka ce dutse, na niƙa barkono suka sani. Anti ta nuna musu hoton wani dutse a wata ƙasa yana aman wuta, hayaƙi ya turnuƙe sama, sannan ta ce kowa ya je gida ya tambayi manya labarin dutsen garinsu.

Amarya ta tambayi ubanta, ya ce shi ma a nan aka haife shi, ta je wajen Kaka. Ta same ni a ƙofar gida ina ɓare goro.

"Kaka, kana da dutse?"

"Wane irin dutse, amarya?"

"Babba. Na garinku. Anti ta ce kowa yana da shi."

Na gyara zama. Rabon da wani ya tambaye ni ƙauyenmu har na manta. Na gaya mata muna da shi kuwa, a bayan gari yake, in rana ta yi yamma inuwarsa takan rufe gonaki. Na gaya mata remaye da ke shan hantsi a kan falalen dutse, da birai masu satar masara, da rijiyar da ke can ƙololuwa wadda ba ta ƙafewa ko da rani. Na gaya mata abin da iyayenmu suka gaya mana, cewa akwai wata tsohuwa a cikin dutsen, ita ce mai gida, in an ga hayaƙi a samansa to girki take. Na kuma gaya mata ladabin wurin: ba a nuna shi da yatsa, sai da haɓa. In za ka ratsa gindinsa ka cire takalmi, ka ce, salamu alaikum masu gida, baƙi ne, wucewa za mu yi. Limaminmu ya sha hana wannan a huɗuba, amma shi ma in ya zo wurin yakan cire nasa, ya ce wai ƙafarsa ce ta yi gumi.

Har nan ban ƙara ko gishiri ba. Sai ta ce wata yarinya 'yar Abekuta a ajinsu ta ce dutsensu har matakala gare shi, mutane na zuwa kallo daga nesa. Ta dube ni.

"Naka yana aman wuta?"

Jama'a, me zan ce? In bar dutsenmu ya sha kaye a hannun matakala? Na ce, "Aman wuta? Ai in ya fara sai an kwashe awaki."

Ta tashi da gudu, ko goron da takan ƙwace ta yar ba ta tsaya ƙwata ba.

Washegari da na je ɗauko ta, na tarar da ita a bakin ƙofa ita kaɗai, ido ya yi ja. Wani yaro a ajin, ɗan maƙwabcinmu direban tirela, wanda ubansa ya taɓa kai shi Arewa da salla, ya miƙe ya ce ƙarya ce. Shi ya ga duwatsu ta tagar mota, duk shiru suke, ba mai hayaƙi. Yara kuwa suka ɗauka da waƙa, Hausawa na cewa maƙaryaciya, Yarbawa na faɗa da nasu bakin. Kwana da kwanaki yarinyar nan ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba, ita da Anti ke cewa bakinta ba ya rufuwa. Da safe sai an ja ta. Kullum a hanya magana ɗaya ce: "Kaka, ka nuna musu."

Ina zan nuna musu? Ƙauyenmu tafiyar yini da kwana ce, kuma ko mun je, dutsen ba zai yi amai don ya rufa mini asiri ba.

Ranar wata Asabar na shirya zuwa Mile 12 in gaisa da tsofaffin abokai, don na ji motocin albasa sun iso daga gida. Amarya ta maƙale sai ta bi ni. Matar direba ta ji, ta ce don Allah Baba a tafi da nata shi ma, ya ishe ta da ɓarna. Haka na kama hannun mai ƙara da na wadda ake ƙara, muka shiga motar haya da ake kira danfo.

Mun kusa Ojota gosulo ya riƙe mu. Wanda ya san wurin ya san ƙatuwar bolar nan da ake zubar da sharar gari, wadda ta taru shekara da shekaru har ta zama tsauni, kullum tana cin wuta ta ciki, hayaƙi na fita ta kafaɗunta. Ni na wuce ta har na daina ganinta, hanci kawai nake toshewa. Su kuwa ba su taɓa zuwa ta nan ba.

Ihun amarya sai da ya sa kwandasta ya waiwayo.

"Kaka! Dutse! Ga shi yana hayaƙi!"

Ta ɗaga hannu za ta nuna, ta tuna, ta maida shi cikin riga, ta tura haɓa. Ɗan direba ya manna fuska a gilashi, baki buɗe. Can ya juyo a hankali ya ce, "Baba, shi ne?"

Wannan ita ce ƙofar da Allah ya buɗe mini in fita da mutuncina. Kalma biyu ta isa: bola ce. Amma na ga fuskar yarinyar nan ta haskaka a karon farko cikin kwanaki, na kuma ga mai ƙara ya yi laushi. Na ce, "Ba shi ba ne. Ƙaninsa ne, ci-rani ya zo."

Da ma a Ojota za mu canja mota. Muna sauka suka ja ni, ɗaya ta riga ɗaya ta hannu, sai mun matsa kusa. Muka bi gefen titi har inda ƙasa ta fara yin baƙi. Tambayoyi kuwa kamar ruwan Ikko. Me ya sa balbelu suka cika kansa? Na ce kajin tsohuwar ne. Me ya sa yake wari? Na ce daddawa take dafawa. Ina biran? Na ce sun tafi kasuwa. Waɗancan mutanen masu buhu da ƙugiya fa? Na ce masu yi mata aike ne. Duk ƙaryar da na yi sai ta haifi 'ya'ya, ni kuma in raɗa musu suna.

Sai na ga amarya ta sunkuya tana cire takalmi. Ɗan direba ya yi koyi da ita.

"Kai, ku mayar, akwai kwalba!"

"Kai ka ce ana cirewa. Ka cire naka, ka yi sallama. Mu ba mu iya ba."

Na dubi hagu, na dubi dama. Masu okada a tsaye, mata masu tallan burodi, wani ɗan sanda yana hamma. Na ce a raina, a Ikko wa ya san wani. Na cire silifas ɗina, na ce su su tsaya a kan nasu takalman, na rusuna, na ce, "Salamu alaikum masu gida. Baƙi ne, wucewa za mu yi."

Wani abu ya faru da ban shirya masa ba. Kalmomin nan rabon bakina da su tun ina bin mahaifina gona, shi yana gaba da fartanya, ni ina baya da gora. Suna fita sai na ji idona ya kawo ruwa. Kafin in gama mamakin wannan, murya ta fito daga bayan tulin, da Hausar Sakkwato tsantsa:

"Wa alaikumus salam. Ku wuce, ba komi."

Yaran suka zura da gudu, takalma a hannu. Ni kaina sai da na yi baya har na taka wani abu mai laushi da ban so in san ko mene ne ba. Sai ga wani bawan Allah ɗan ci-rani ya leƙo da buhunsa a kafaɗa, yana neman wanda ya yi sallama. Na yi masa alama da hannu ya koma. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya girgiza kai, ya koma.

A Mile 12 ko albasa ba su kalla ba. A hanyar dawowa ɗan direba da bakinsa ya ce wa amarya ta yafe masa. Na kwana ina ganin kaina gwani.

Ranar Litinin da na je ɗauko ta, Anti na tsaye a ƙofa tana jirana, hannu a ƙugu.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Malama, ya yara?"

"Yara suna lafiya. Dukansu suna so in kai su Ojota su gaida dutse. Wani ya ce mamansa ta mare shi don ya cire takalmi a gaban bolar layinsu. Baba, wane abu ka yi mini haka?"

Na fara kame-kame, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita a gindin irin wannan dutsen ta girma, na gaske, wanda ya yi amansa tun kafin kakannin kakanni, sannan ya mutu, yanzu bakinsa ya zama tafki, ana noman dankali a jikinsa. Su ma suna da nasu labarin na abin da ke cikin ruwan, kakarta ba ta yarda a yi fito a wurin ba. Ta ce labarin tsohuwa ba ta da matsala da shi, shi ta aike su nema. Amma ba za ta bar yara su girma suna rusuna wa shara ba.

"Gobe ka zo aji, Baba. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na ce, "Malama, in na kwance, yarinyar nan za ta koma maƙaryaciya."

Ta ce, "Ka zo dai."

Na zo. Aka ba ni wata 'yar kujera da in na zauna gwiwoyina ke gaida kunnuwana. Anti ta shimfiɗa buhu a tsakar gida, yara suka kewaye. Ta fito da wani dutse daga jakarta, baƙi, duk jikinsa huji kamar saƙar zuma, ta ce daga garinsu ta zo da shi. Ta ba su suna miƙa wa juna. Kowa ya ɗaga sai ya yi mamaki, don ba shi da nauyin da ido ya ba shi. Wani ya shinshina, wata ta lasa. Ta ce wuta ce ta dafa shi a cikin ƙasa har ya yi kumfa, ya fito ya huce. Ta ɗauko dutsen niƙa na mai abincin makaranta ta ajiye kusa da shi, suka gwada. Ni kaina na karɓa na jujjuya, na ce a raina wannan ai zai yi kyau da goge kaushi.

Sannan ta ce, "To, wa ya zo mana da dutse daga Ojota?"

Ashe amarya ta tsinto. Ta zaro daga aljihun rigar makaranta, wani dunƙule baƙi da wuta ta narkar, ta ajiye shi da alfahari. Anti ta ce su duba. Suka duba. Ɗan direba ya ƙwanƙwasa shi a ƙasa, bai yi ƙarar dutse ba. Wata ta kankare gefensa da farce, shuɗi ya fito. Amarya ta karɓa ta juya shi, sai ga rabin hannun bokiti a manne a ƙasansa, irin bokitin da uwarta ke wanki da shi.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta kalli na Anti. Sannan ta ɗago ta kalle ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Kaka. Bola ce."

Na ga bakin ɗan direba ya fara motsi, na san waƙar da ke zuwa. Na yi wuf na miƙe, kujerar ta biyo ni a manne, sai da Anti ta cire mini ita. Na ce, "Ku tsaya. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da aka gaya mata ta faɗa, abin da ta gani da idonta ta faɗa, yau kuma ita ta fara gane gaskiya kafin ku duka. Maƙaryacin ga shi a gabanku, da gemu. In waƙa za ku yi, ni za ku yi wa."

Suka kuwa yi. Na tsaya suka yi mini ita da Hausa da Yarbanci, har da tafi, Anti na juya baya tana goge ido. Da suka gaji na gaya musu dutsenmu bai taɓa aman ko tartsatsi ba. Hayaƙin da ake gani a kansa na masu ɗibar zuma ne, da suke hawa da damin ciyawa su kunna a bakin kogo don ƙudan su gudu. Ban zaci wannan zai burge kowa ba, sai ga shi ya fi labarin aman wutar karɓuwa. Ƙudan ba sa harbi? Da me suke hawa? In mutum ya faɗo fa? Rema kamar ɓera take ko kamar zomo? Na amsa abin da na sani. Wanda ban sani ba, na buɗe baki zan ƙera, sai na ga idon amarya a kaina, na ce ban sani ba. Maganar ta yi mini ɗaci a baki, amma ta fita.

Ranar suka kwaɓa laka suka gina duwatsu a tsakar gida. Na Anti da rami a ka, suka zuba masa ruwa. Na Abekuta da matakala. Nawa suka huda masa kogo, suka cusa tsinke wai zuma. Wani ɗan ƙarami ya tara bawon lemo da ledar ruwa a gefe ya ce ga na Ojota, kada a bar shi shi kaɗai. Amarya ce ke ba da umarni, ana bi. Ba wanda ya sake kiranta da sunan nan. Abin da ya manne mata shi ne mai kaka maƙaryaci, wannan kuwa sarauta ce a ajin, har ana roƙonta ta ba da arona.

Sai dai a hanyar gida ba ta kama hannuna ba. Tana gaba ina baya, muka bi gefen layin dogo, muka wuce masu gasa masara. Na saya mata, ta karɓa ba godiya. Sai da muka kusa gida ta tsaya.

"Tsoho."

"Na'am, amarya."

"Biran gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Rijiyar fa?"

"Na sha ruwanta da hannuna."

"Tsohuwar?"

Na ce ban taɓa ganinta ba, ban kuma san wanda ya gan ta ba, amma har na bar garin ban taɓa nuna dutsen da yatsa ba. Ta ci masara tana tunani, kamar alƙalin da aka kawo wa shari'ar gona.

"Na yarda akwai dutsen," ta ce. "Don da ka yi sallama ka yi kuka. Na gani."

Na ce, "Wane kuka? Hayaƙin bola ne ya shiga idona."

Ta miƙo hannu ta kama yatsana, hannun duk toka da gishirin masara, ta ja ni muka ci gaba da tafiya.

"Mu ma ai ya shiga namu," ta ce.